Tambaya da Amsa: Ruwan Gona a Zamanin da Zafi ke Ƙaruwa

Wasiƙun da suka taru a wannan fili tun daga ƙarshen hunturu kusan dukkansu a kan ruwa suke, wasu na kukan rijiya ta ƙafe, wasu na kukan damina ta yi musu wasa da hankali. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya daga wani manomin rani a Soba: Assalamu alaikum. Malam, shekara goma sha biyu ke nan ina noman tumatir da attarugu a fadamar da na gada. A da rijiyar bututun da na kafa tana kai ni har faɗuwar damina, amma shekara uku ke nan da zarar watan Maris ya kama sai inji ya riƙa tari yana jawo iska. Ga kuma tsadar fetur. Wasu abokai sun ba ni shawarar in sayar da bijimi in sayi inji mai amfani da hasken rana. Shin wannan zai raba ni da matsalar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsaloli biyu ka haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma guda ɗaya kaɗai injin sola zai ɗauke maka. Tsadar mai gaskiya ce, domin tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 babu manomin ranin da bai ji a jikinsa ba, kuma ta wannan fuskar sola ta yi. Sai dai tarin da injinka yake yi ba na ƙishin mai ba ne. Irin injunan nan da muke girkewa a bakin rijiya zuƙo ruwa suke yi, kuma komai ƙarfin inji, komai sabuntarsa, ba ya zuƙo ruwan da ya nutsa fiye da kimanin mita 7 zuwa 8, saboda nauyin iskar da ke danne ruwan ne yake turo shi cikin bututu, kuma iyakar ƙarfinta ke nan. In ka ji inji yana tari yana tofar da ruwa guntu-guntu, ruwan fadamar ne ya yi ƙasa. Na sha tarar da manoma sun haƙa rami mai zurfin gaba guda sun saukar da injin ciki, mutum ya tsugunna a kansa cikin hayaƙi yana ɗura masa ruwa da buta don ya kama. Dabarar takan yi aiki na mako biyu ko uku, sa'an nan ruwan ya sake gudu ya bar su.

Yana da kyau ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ƙasan fadama shimfiɗar yashi ce da tsakuwa wadda kogi ya tara tun zamanin da, kuma ita ce ke riƙe ruwa kamar wata babbar randa da damina ke cikawa sau ɗaya a shekara. Ƙarƙashinta kuwa dutse ne, domin mafi yawan Jihar Kaduna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, wanda ba ya ajiye ruwa sai a inda ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa za ka ga an haƙa burtsatse a wannan gida ta ba da ruwa, an haƙa a maƙwabta an tashi a tutar babu. Lokacin da iyayenmu suke ban ruwa da jigo, ƙarfin dantsen mutum ne ya iyakance abin da ake ɗiba. Shirin Fadama da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin bututu da ƙananan injuna, ya kuma fitar da gidaje masu yawa daga ƙunci, wannan babu mai musu. Amma randar ba ta ƙara girma ba, masu ɗiba ne suka ninka. Ka tsaya a kan tudu da safiyar wata rana cikin Fabrairu ka ƙirga injunan da kake jin ƙararsu, ka tuna nawa ne a shekarar da ka fara. Ka haɗa da tifofin da ke kwasar yashi a cikin kogi, domin duk sanda aka zurfafa gadon kogi, ruwan fadamar da ke gefensa yakan gangara ya bi shi. Ka kuma haɗa da zafin bazara da ke ƙaruwa, wanda yake sa shuka ta sha fiye da yadda ta saba.

Abin da nake tsoro game da sola shi ne wannan: manomin da yake sayen fetur da kuɗinsa yana kashe inji da zarar fangali ya cika, amma wanda rana ke tuƙa wa inji kyauta yakan bar shi yana zuba tun hantsi har la'asar. Bugu da ƙari, da yawa daga injunan sola irin waɗanda ake zurawa cikin rijiya ne, ba su da waccan iyaka ta mita 7, suna bin ruwa duk inda ya sauka, wanda ke nufin rijiyar maƙwabcinka mai injin fetur ce za ta fara ƙafewa, taka ta biyo baya. A jihar Punjab ta Indiya, wutar lantarkin da aka riƙa bai wa manoma kyauta don ban ruwa ta taimaka wajen janye ruwan ƙarƙashin ƙasa har sai da aka koma ƙara zurfin rijiyoyi shekara bayan shekara.

Ban ce kada ka saya ba, amma kafin ka kai bijimi kara ka fara auna ruwanka. Ka sami duro mai cin lita 200 ka duba daƙiƙa nawa injinka ke ɗauka kafin ya cika shi. A ce daƙiƙa 30 ne, to injin yana ba ka lita 24,000 a awa guda. Tumatirin da ya girma yana shan kimanin milimita 6 a kullum a lokacin zafi, wato lita 15,000 ga rubu'in hekta. In bayan kwana uku-uku kake ban ruwa, lita 45,000 ke nan, aikin awa biyu, ko ka ce uku saboda abin da ke ɓacewa a hanya. Duk wanda yake shafe awa biyar-biyar yana ban ruwa a gona irin wannan, ya san cewa rabin mansa a banza yake ƙonewa, ruwan kuma yana wanke takin zamanin da ya saya da tsada yana kai shi inda saiwa ba ta isa.

Daga nan sai gyaran gona. Ka daidaita fangula su zama bai-ɗaya, domin fangalin da ya karkace sai an nutsar da gefe guda kafin ɗaya gefen ya jiƙa. Ka kai ruwa bakin fangali da tiyo maimakon doguwar hanyar ƙasa wadda ke shanye kasonta kafin ta isar da saƙo. Ka yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, ka rufe gindin shuka da buntun shinkafa ko tattakar ciyawa. Mafi girman riba kuwa tana cikin lokacin dashe: wanda ya yi reno da wuri ya dasa a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba yana gama yawancin ɗibarsa kafin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ruwa ke ƙasa kuma furen tumatir ke zubewa saboda zafi. Sa'an nan ka ɗaura ƙaramin ƙarfe a igiya ka riƙa auna zurfin ruwan rijiyarka duk ranar Juma'a kafin ka tayar da inji, kana rubutawa a littafi. In ka sayi solar, ka sayi wadda ta yi daidai da abin da rijiyar ke iya bayarwa, ka haɗa ta da tanki, ka kuma zauna da maƙwabtan fadamarka a gaban sarkin noma ku tsayar da ranakun da kowa zai ja ruwa.

Tambaya daga wani dattijo a birnin Zariya: Ɗana, ina jin ku a rediyo kuna ta maganar sauyin yanayi. Mu mun ga farin 1973 da idonmu, mun ga na 1984, kuma ruwa ya dawo. Ba ka ganin wannan ma juyin zamani ne kawai da zai wuce?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiyarka ce, fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma bayan waɗancan shekaru ruwa ya farfaɗo. Abin da ya bambanta yanzu shi ne zafin da ke hawa bai koma inda ya fito ba. Shekarar 2024 ta zama mafi zafi a duniya tun da aka fara ajiye lissafi, inda ta ɗara zamanin da ba a soma manyan masana'antu ba da kusan digiri ɗaya da rabi. Duk digiri guda da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100, don haka tana tsotse danshin gona da sauri, in kuma ta tashi saukewa sai ta juye shi gaba ɗaya. Masu bincike sun gano cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka kusan sau uku tun farkon shekarun 1980. A daminar 2024 an fita sallar roƙon ruwa a wasu jihohin Arewa cikin Agusta, ba a yi wata biyu ba madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba. Roƙon Allah wajibi ne, kuma bai hana manomi gyara kunyarsa ba.

Tambaya daga wani manomin masara a Saminaka: Bara ruwa ya sauka da ƙarfi a farkon Mayu, muka yi shuka, sai ya ɗauke har kusan mako uku, yabanya ta ƙone, muka sake sayen iri. Da masara ta zo goyo ma ya sake ɗagawa na kwana goma. Ba mu da kogi kusa, gonar tudu ce. Mene ne abin yi ga wanda ba shi da ko rijiya?

Amsa: Ɗan'uwa, bari mu fara da lissafin da ba mu cika yi ba. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, garin Kaduna kimanin 1,200, kudancin jihar wajen Kafanchan kuwa ya fi haka. Milimita 1,000 a kan hekta guda lita miliyan 10 ke nan, alhali masara ba ta buƙatar fiye da milimita 500 zuwa 800 daga shuka har girbi. Ashe ke nan ba ruwan ne ya kasa mu ba, riƙe shi ne muka kasa. Ka je gonarka ana tsakiyar ruwa mai ƙarfi, ko da sau ɗaya ne, ka tsaya da laima ka kalli inda yake bi. Za ka ga jan ruwa yana gudu tsakanin kunyoyi kamar an kore shi, yana ɗauke da ƙasar sama da takin da ka zuba shekaran jiya, yana faɗawa kwazazzabo. In ruwan ya tsaya ka tona da yatsa, wani lokaci ko tsawon ɗan yatsan bai jiƙa ba. Gonar da ta bar ruwa ya wuce ta haka ba ta da abin da za ta shayar da yabanya in sama ta ɗauke na mako biyu.

Abu na farko, kada kunya ta bi gangare. Ka sa masu huɗa su gicciye shi, ko da hakan ya fi wahalar da shanu. Na biyu, ka riƙa datse kwarin kunya da ɗan tudun ƙasa bayan kowane taki biyu ko uku, ta yadda kwarin zai zama jerin ƙananan kwaruruka da ruwa zai zauna ya nutse a cikinsu. Wannan dabara an daɗe da gwada ta a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kuma fartanya kawai take buƙata. Sharaɗinta guda ne, kada datsiyar ta kai tsayin kunyar, domin in ruwa ya yi yawa ya tsallake ta bisa datsiya maimakon ya fasa kunya. A ƙasarku ta Lere, inda marka ke yin nauyi cikin Agusta, sai ka bi da fartanya ka buɗe datsiyoyin in ka ga ruwa yana kwana a kwari, don masara ba ta son ƙafarta cikin ruwa.

A wuraren da ƙasa ta riga ta mutu ta zama fako, manoman Nijar da Burkina Faso suna da abin koyi. Sukan haƙa ƙananan ramuka tun da rani, su zuba taki a ciki, gara ta shiga ta huda ƙasar, in ruwa ya sauka ya taru a ramin a yi shuka. A yankin Tahoua tassa suke ce masa, kuma marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a duniya saboda mayar da fako daji da wannan hanya. Ba na ba da shawarar a yi wa dukan gonar Saminaka haka, don ruwanku ya fi nasu yawa, amma ga gefen gonar da ya ƙeƙashe, ya dace.

Sai maganar abin da muke yi wa gona bayan girbi, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Muna kwashe kara, mu sayar da harawa, abin da ya rage mu cinna masa wuta, sa'an nan mu yi mamakin ƙasa ta zama kamar siminti. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi su ne sosan da ke riƙe danshi a cikin ƙasa, takin zamani ba ya yin wannan aiki komai yawansa. Manoman citta na Kachia da Kwoi sun san haka tun kaka da kakanni, ba sa barin gonar citta tsirara bayan shuka sai sun lulluɓe ta da ciyawa da ganye. Na san kara yana da masu nema, ga danni ga makamashi ga dabbobi, amma ko kashi ɗaya cikin uku aka bar wa gona, za ta nuna bambanci cikin 'yan shekaru.

Game da lokacin shuka, ruwan farko na Mayu yakan yi yaudara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai kankama a kowace ƙaramar hukuma da inda ake tsoron tsaikonsa, kuma malaman gona na jiha suna samunsa. Hasashe ne, ba wahayi ba, amma ya fi kintace. Ka haɗa shi da naka gwajin, ka tona ka ga danshi ya kai tsawon tafin hannu kafin ka jefa iri. Ka kuma raba ƙafa, ka shuka wani ɓangare da masara mai saurin nuna ta kwana 80 zuwa 90 daga irin SAMMAZ da Samaru ke fitarwa, wani ɓangaren ka bar wa dawa ko waken suya, ka bambanta ranakun shukar da mako guda ko biyu, domin kada fari ɗaya ya tarar da dukan gonar tana goyo. Makonni biyu kafin masara ta fitar da kai da makonni biyu bayansa su ne lokacin da ƙishi ya fi yi mata illa.

In kana da hali, ka haƙa kududdufi a inda ruwan gonar ke taruwa. Rami mai tsawon mita 10, faɗin mita 10 da zurfin mita 2 yana ɗaukar abin da ya kusa lita 200,000, wanda zai shayar da rubu'in hekta sau biyu ko uku a irin waɗancan kwanaki goma da ka ambata. Ba zai yi maka noman rani ba, ceton goyo kawai zai yi. Gara ya yi zurfi da ya yi faɗi saboda rana, a daɓe shi da laka ko a shimfiɗa leda mai kauri, kuma a kewaye shi da shinge tun ranar farko saboda yara.

Tambaya daga wata uwargida a Rigasa: Malam, ina da ɗan fili a bayan ɗaki inda nake shuka alayyafo, yakuwa da zogale, ina ci ina sayarwa. Da rani ruwan 'yan garuwa muke saye, ba zan iya shayar da lambu da shi ba. An ce mini akwai ban ruwa na ɗigo, amma ban san ko ya dace da mai ƙaramin ƙarfi ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan sana'a. Kafin ɗigo, ki ɗaga kai ki dubi rufin gidanki. Kowace milimita ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita guda lita ɗaya ce, saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 60 a garin Kaduna yana zubar da abin da ya haura lita 60,000 a damina guda, kuma mafi yawansa indararo ke watsawa a lungu ya zama taɓo. Ba za ki iya ajiye duka ba, amma tankin roba ɗaya ko biyu da aka cika da ruwan ƙarshen Satumba da Oktoba, aka rufe da kyau saboda sauro, zai kai ɗan lambu nesa. In kuɗin tanki ya yi nauyi, adashi ya saba sayen abin da ya fi shi.

Ban ruwa na ɗigo yana da kyau ƙwarai, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yana isa ga saiwa, alhali a malale wajen rabi ne yakan ɓace. Akwai ƙaraminsa wanda bokiti ne kawai ake ratayewa a kan sanda mai tsayin mita guda, siririn tiyo mai huji ya bi layin shuka. Amma ki ji abin da ya same ni. Na taɓa sayen irin wannan tiyo a wurin wani ɗan kasuwa da ya rantse mini ba ya buƙatar abin tace ruwa, na haɗa shi da ruwan rijiya mai laka, kafin wata guda rabin hujojin sun toshe, sauran kuma ɓeraye masu neman ruwa suka ɓalgace su cikin dare. Sai da na bi layi ɗaya-ɗaya da allura ina tsokaci kamar mai tsifar kai. In za ki saya, ki haɗa da abin tacewar, ko ki riƙa tace ruwan da ƙyalle mai tsabta.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ba ta buƙatar komai daga kanti. Ki sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ki binne shi har wuya a tsakiyar fangali, ki cika shi da ruwa ki rufe bakinsa, ki shuka kewaye da shi. Yadda randa ke zufa tana sanyaya ruwa, haka tulun zai riƙa tsattsafo da danshi a hankali, saiwoyi su zo su manne masa, kuma sau ɗaya a kwana uku ko huɗu za ki ƙara masa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk ki juya su gindin zogale da gwanda. Wanda ya sha omo ko bilic kaɗai za ki nisantar da shi daga lambu.

Tambaya daga sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a ƙaramar hukumar Igabi: Muna jan ruwa daga rafi ɗaya mu kusan arba'in. Na sama suna cika gonakinsu har ya yi ambaliya, na ƙasa ba sa samu sai dare, kuma bana har an kai ga ɗaga fartanya. Ga makiyaya da ke cewa mun toshe musu mashaya. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin?

Amsa: Malam sakatare, tushen rigimarku wani zato ne da ya daɗe a zukatan manoma, cewa shinkafa ba ta rayuwa sai tana tsaye cikin ruwa dare da rana. Shinkafa tana jure ruwa, ba wai tana buƙatarsa kullum ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta fito da wata hanya mai sauƙi: a yanki bututun roba mai faɗi, tsawonsa santimita 30, a huda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a cikin gona, a kwashe ƙasar da ke cikinsa. Bayan dashe ya kama da mako biyu, sai a bar ruwan gonar ya janye, ana leƙa bututun kullum, ba za a sake sakin ruwa ba sai an ga na cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona. A nan sai a cika zuwa santimita 5 a sake jira. Lokacin fure kaɗai, daga mako guda kafinsa zuwa mako guda bayansa, ake barin ruwa ya zauna. Hanyar tana rage ruwan da ake sha da abin da ya kai kashi 30 cikin 100 ba tare da amfanin ya ragu ba, sai dai ciyawa takan ɗan ƙaru, a shirya mata. Ku gwada a gonakin mutum biyu ko uku daga cikin na sama, waɗanda ake jin maganarsu, ku auna buhunansu a gaban kowa ranar girbi, domin manomi da ido yake yarda.

Rabon ruwa kuwa a rubuta shi, kwana kaza na sama, kwana kaza na ƙasa, a fara da na ƙasa a lokacin da rafi ya ja baya, a karanta a gaban dagaci, a kuma naɗa mutum guda mai riƙon amana da zai riƙa buɗewa da rufewa, ana biyansa da ɗan abin da aka tara. A cikin wannan takarda dai a sa ranar gayyar yashe hanyar ruwa da wanda zai biya tara in bai fito ba. Su kuma makiyaya, ku bincika da gaskiya ko mashayar da burtalin sun riga gonakin zuwa wurin, domin sau da yawa haka ne, noman rani ne ya faɗaɗa ya cinye su. Ku kira arɗo a zaman farko, ba bayan an yi ɓarna ba, ku ware hanya mai faɗin da garke zai wuce, ku shinge gefenta. Asarar 'yan fangula ta fi arha a kan shari'a, ga kuma kashin shanu da gonakinku ke nema.

Tambaya daga wani matashi a Kakuri: Ina noman latas da kabeji da ruwan magudanar da ke gangarawa Kogin Kaduna, saboda ba ya ƙafewa ko da rani kuma ganye yana yin kore shar. Wani ya ce mini haɗari ne.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Koren da kake gani daga ƙazantar da ke cikin ruwan ne, tana aiki kamar taki, amma tare da ita akwai ƙwayoyin taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki, kuma latas da kabeji ɗanye ake cin su. Waɗannan ana iya rage su: ka haƙa ɗan rami ruwan ya kwana ya lafa kafin ka ɗiba, ka zuba a gindi kada ya taɓa ganye, ka daina shayarwa da shi kwana uku ko huɗu kafin ka tsinka, ka kuma sa takalmin roba. Abin da ba ya raguwa da wannan shi ne dalma da sauran guba masu nauyi da kan biyo ruwan da ya ratso ta masana'antu, garejin makanikai da wuraren gyaran batir, domin su ƙasa suke shiga su zauna, shuka ta zuƙe su, wanki kuma ba ya fitar da su. Ka ɗebi ruwan a gora mai tsabta, ka haɗa da ƙasar gonar, ka nemi a gwada maka su a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando ko a ɗakin gwaji na wata jami'a. In sakamakon ya nuna akwai gubar, ka bar kayan ci a wannan fili ka koma renon dashen itatuwa da furanni, waɗanda suke da kasuwa a bakin titunan Kaduna, latas ɗin kuma ka nema masa wuri a sama da inda magudanar ke haɗuwa da kogi.